Ranar da Na Jera Idanun Teku Kamar Kwanuka

Bismillah. Sunana Lami, aikina ɗaurin gilashi da tangaran a wani siton kargo da ke Al Qusais, shekara ashirin da wani abu ke nan. Ban taɓa zama a aji ba. Faɗa nake yi, maƙwabciyata ta fulat tana rubutawa, kuma na ja mata kunne kada ta gyara mini baki. Maganar taku ce, ku da kuke sauka Dubai da bizar ziyara, ku leƙo sito ku gan ni zaune a kan kwali da salatif a hannu, ku ce, "Hajiya, ai wannan ko ni sai in yi." To, ku nemi wuri ku zauna.

A hannun Gwaggo Asabe na koya, yayar babana, mai sayar da kofuna da farantan tangaran a kasuwar Sabon Gari ta Kano. Kayanta har Maraɗi da Agadas suke zuwa a saman babbar mota, a kan hanyar da ko buhun gero sai ya ji jiki. Shekarata ta farko ban taɓa kofi ba. Takarda nake murzawa, ina tsinke ciyawa, ina kallon hannunta. Da ta yarda na fara ɗauri, sai ta ɗauki kwalin da na gama, ta kara mini a kunne, ta girgiza. In aka ji ko da ƙis, ba ta magana, wuƙa take miƙo mini in kwance. Akwai ranar da na kwance kwali ɗaya sau bakwai, tuwo yana gefe har ya sandare, ba ta ci ba, ban ci ba. Bayan rasuwarta wata 'yar kasuwa mai sarin kayan kicin ta taho da ni Dubai don in riƙa ɗaure mata kaya. Ita ta daina zuwa, ni na zauna. Alhaji Garba mai sito ya yi mini biza, har yau a wurinsa nake.

Kayan aikina ba su cika jakar hannu ba. Wuƙar kwali, wadda ba na ara wa kowa. Salatif mai ruwan ƙasa, ba farin nan ba, don farin sakin baki yake yi in kwantena ta yi zafi a kan teku. Soso, da ledar nan mai ƙuraje da kuke zama kuna fasawa da yatsa kamar ba ku da aikin yi. Ƙyallayen atamfa da nake karɓowa buhu-buhu a wurin telolinmu na Deira. Sai wani tsohon gyalen siliki, wanda ba na yafawa. Shi nake bi da shi a bakin kofi ko faranti. Ido yana ƙarya, yatsa ma in ya yi kanta yana ƙarya, amma in bakin ya ɓantare ko da kamar ƙwayar gero, zaren siliki sai ya kama.

Akwai wata fitilar falo da wata Hajiya ta saya a kasuwar Dragon Mart, irin mai lilo da duwatsun gilashi kamar ruwan sama. Ta ce a saka ta a kwali yadda take, don ba ta yarda akwai mai iya sake haɗa mata ita a Kano ba. Na ce a'a. Kwana biyu na yi ina cire duwatsun ɗaya bayan ɗaya, kowane zagaye da launin zaren da na ɗaure shi, ja na sama, kore na biye da shi, har ƙasa. Na cusa su cikin tukwanen girkin da ta saya, na cusa safar yaranta a tsakani. Ta tsaya a kaina tana faɗa wai na mayar mata da fitila tsakuwa. Bayan wata biyu ta turo hoton falonta, ba ta ce na gode ba, amma ta turo ƙanwarta da madubai shida.

Kun ji na ce cikin tukwane. Wannan ita ce dokar kargo ta farko: wuri ake saya a kwantena, kuma ba wanda ke son a kai masa iskar Dubai Kano. Kwano cikin kwano, takalmi cikin tukunya, ɗan kunne cikin takalmi. In na ga abu mai rami, hannuna ya riga kaina neman abin da zai zauna a ciki. Da wannan aka san ni. Da shi kuma na yi kuskuren da ya fi kowanne girma a aikina.

Shekarar da aka yi ruwan nan da ya tsayar da Dubai cak, ruwa ya shigo mana ta ƙarƙashin ƙofa ya kai ƙauri. Dilolin atamfa suka sha, launi ya zuba, ƙasan sito ya koma ja da shuɗi kamar marina. Kwalaye suka zama kunu. Wayar Alhaji ba ta huta ba, daga kasuwar Kwari ta Kano a kira, daga ta Wambai a kira, kowa tambayarsa ɗaya. Wasu maƙwabtanmu tun daga lokacin ba su sake buɗe ƙofa ba. Mu abin da ya rage mana busasshe, wata doguwar kantar ƙarfe ce a bangon baya, kowa kuma kayansa yake so a ɗora a kai.

A kwana na huɗu Bilkisu ta zo da akori-kura. 'Yar Zariya ce, tana aikin bincike a wata jami'a a nan ƙasar, mun san ta don ta wurinmu take aika wa mahaifiyarta kaya. Siket ɗinta jiƙe har gwiwa. Ko gaisuwa ba ta ƙarasa ba ta ce, "Mama, ki rufa mini asiri."

Kwali goma sha biyu aka sauke, ko in ce gawar kwali. A cikin kowanne akwai manyan ɓarin gilashi guda biyu, kamar ƙwaryar kiɗa, kaurinsu ya kai yatsa, nauyin kowanne kamar ƙaramin buhun shinkafa. Na ɗaga ɗaya, laka tana zuba.

"Wannan fa? Bahon wankan jarirai ne?"

"Ba baho ba ne, Mama. Biyun ake haɗawa su zama tulu ɗaya, kamar duma kafin a fafe shi. A ciki ake zuba idanu."

"Idanun wa?"

"Na'ura ce mai ganin haske, komai ƙanƙantarsa. In an rufe, sai a kai su ƙasan teku."

Ina wankewa tana yi mini bayani, kuma na saurara, don ba na ɗaure abin da ban san inda za shi ba. Ta ce akwai wasu abubuwa, niyutirino ake ce musu, sun fi ƙurar da ake gani a hasken taga ƙanƙanta, nesa ba kusa ba. Wasu daga rana suke zuwa, wasu daga inda taurari ke mutuwa, wasu daga inda har yanzu ba a sani ba. Ba abin da ke tare su. "Yanzu haka da muke magana suna ratsa rufin nan, suna ratsa ni, suna ratsa ki, su shige ƙasa su ɓulla ta ɗaya gefen duniya."

Na ce, "A'uzu billahi. Ki ce aljanu aka turo ki karanta."

"Aljani ai yana taɓa mutum, Mama. Waɗannan ko sallama ba sa yi."

Ta ce sai can ba a rasa ba ɗaya yake karo da wani abu a cikin ruwa, abin da ya fito daga karon ya ja ɗan layin haske shuɗi, kafin ƙiftawar ido ya ɓace. Ba a ganin irin wannan hasken sai a duhun da ba a taɓa kunna fitila ba. Shi ya sa ake zuwa inda zurfin teku ya kai a ɗora dogon benen nan na cikin gari sau huɗu a kan juna. A can ake jera tulunan a jikin doguwar igiya, anga a ƙasa, abin da ke jan ta sama a bisa, ta tsaya kamar carbi a tsaye. Igiya da yawa, ƙasashe da yawa suka haɗa hannu. In haske ya gifta, sai a duba wane tulu ya fara gani, wane ya biyo baya, a gane ta inda baƙon ya fito.

"In kun gan shi sai ku kama?"

"Ya riga ya wuce. Mu dai mu san daga ina yake."

"Ana daɗewa ana jira?"

"Babban, wanda ya zo daga nesa sosai, ana iya shekaru."

Alhaji da ke gefe ya yi dariya, ya ce Turawa ba su da yunwa. Ni ban ga abin dariya ba. Mutumin da zai sa ido shekaru yana jiran abu ɗaya ba malalaci ba ne.

Ga inda matsalarta take. Farfesan da take ƙarƙashinsa yana can bakin tekun Turai inda ake zuba idanun, ya bar mata aikin turo gilasan. Jirgin ruwan da ke saukar da su ba ya fita sai lokacin da teku ke kwance, in aka rasa fitar bana sai baɗi. Siton da aka ajiye su ruwa ya ci shi, masu shi sun ce ba za su taɓa komai ba sai bayan sati uku. Ita ta yanke shawarar kwaso su ta kawo mana, ba ta tambayi kowa ba. Kwantiraginta saura wata huɗu, sabuntawa a hannun Farfesa take, bizarta kuma a jikin kwantiragin take rataye. Ta ce in fitar da su daga jiƙaƙƙun kwalayen in busar, ita za ta unguwar Al Warsan a yanko mata soso daidai da su, sai gobe.

Na fara daga dama, kwali ɗaya bayan ɗaya. In buɗe, in wanke ɓarin biyu da ruwa mai kyau, in ɗauko ƙyalle ɗaya daga buhu in yaga shi biyu, kowane ɓari in lulluɓe shi da rabi. A jikin gilasan akwai wasu 'yan fararen takardu masu rubutu, ruwa ya riga ya ɗaga su, ina wankewa suna sulalewa. Na share su tare da laka. Takarda a wurina shara ce, in ba Alhaji ne ya ce in ajiye ba.

Ɓari ashirin da huɗu, kowanne faɗinsa ya fi faifai. In a baje su, sun cinye kantar kaf. Alhaji yana ta kai da kawo. "Yalla, maza, Hajiya Lami, a ba ni wuri, atamfar mutane na ƙasa tana sha." Ban ma bari ya maimaita ba. Abu mai rami, iri ɗaya, girma ɗaya. Na jera su uku-uku, ɗaya cikin ɗaya, jeri takwas, na bar masa rabin kanta. Na lura ba sa shiga har ƙasa kamar kwanon sha. Saboda kaurinsu, cikin na sama a kan leɓen na ƙasa yake zama. Na gani da idona. Na ce ai da ƙyalle a tsakani, na wuce. Da Gwaggo tana raye, da a nan ta miƙo mini wuƙa.

Washegari da hantsi Bilkisu ta shigo rungume da soso. Tana ganin kantar ta sake shi ya zube a ruwa.

"Innalillahi. Wa ya yi wannan?"

"Ni."

"Mama, ina lambobin? 'Yan takardun da ke jiki?"

Na nuna mata bakin kwata.

Sai ta zauna a ƙasa, a cikin jiƙar, ta riƙe kai. Ashe kowane ɓari da abokinsa aka goge bakinsu tare tun a masana'anta, ba ya zama daidai sai a kan nasa. A can ƙasa nauyin ruwa ne ke danne su, ba ƙusa, ba gam mai ƙarfi, baki da baki ne kawai. In aka haɗa ɓari da wanda ba nasa ba, bambancin da bai kai silin gashi ba ya isa ya sa bakin ya marmashe. Takardun nan su ne ke faɗin wa ke da wa. Ita ta ɗauka suna nan manne, shi ya sa ba ta ce mini komai ba.

Alhaji ya leƙa ya ce, "Haba 'yata, ai duk uwa ɗaya uba ɗaya ne. Ki haɗa kowanne da kowanne, khalas, shi ke nan."

Ko kallonsa ba ta yi ba.

Na ce, "Tashi daga ruwa, yarinya, sanyi zai kama ki. Abin da ya fito kwali ɗaya kike nema?"

"Shi ne, Mama. Kuma ya tafi."

"Bai tafi ba. Ni ba na raba abin da ya zo tare. Buta da murfinta, tukunya da marfinta, ƙyalle ɗaya nake yaga musu, don mai buɗewa a Kano kada ya sha wahala. Dubi ƙyallayen."

Ta ɗago ta duba. Ta miƙe a hankali kamar wadda ke tsoron abin ya gudu.

Muka shimfiɗa katako da bargo, muka sauke su ɗaya-ɗaya, kowanne da ƙyallensa, ina faɗa mata jerin da ya fito da matsayinsa tana rubutawa. Takwas ba su ba mu wahala ba, zanensu daban-daban ne. Huɗun ƙarshe ne suka zo daga ragowar ankon wani biki, kore mai tsuntsaye, guntu takwas iri ɗaya. Nan sai da muka bi bakin yaguwa. Wani ya raba tsuntsu a fiffike, wani ya tafi a karkace don na yaga shi da haƙori. Har azahar muna kai, ita tana riƙe da gefe ina riƙe da gefe, sai zare ya haɗu da zare. Da aka gama ta ɗora kowane ɓari a kan abokinsa, a hankali, ta bi bakin da wani siririn ƙarfe kamar reza. Bai shiga ko'ina ba. Sau goma sha biyu. Ta yi hamdala da ƙarfi, ta rungume ni, ni kuma ba na son runguma a wurin aiki.

Na ce, "Sake ni, ban gama ba."

Na ɗauko gyalen siliki. Ba wanda ya ce in yi. Na bi leɓen kowanne, waje da ciki, ina juya shi a kan bargo. Goma sha shida suka wuce sumul. A na goma sha bakwai, wanda ya kwana a ƙasan jeri na biyar, zare ya kama. Na sake bi. Ya sake kamawa. Ta haska da waya, sai ga shi a leɓen ciki, daidai inda na sama ya zauna: ɓalli ɗan mitsitsi, rabin ƙwayar shinkafa.



Alhaji ba mugu ba ne, tausayinta ya ji, ya kuma ji na sitonsa. Ya rage murya ya ce, "Ruwa ne. Ruwan da ya hana jirgin sama tashi, gilashi ne zai gagare shi? Ki ce a can siton ya bugu, ki ce a can aka sake ɗaure su. Wa zai ƙaryata ki a wannan satin?"

Gaskiya ba wanda zai ƙaryata ta. Ta dube ni.

Na ce, "In aka ce ruwa ne, me za su yi da sauran?"

"Za su ajiye wannan. Su ɗauki ɗaya ko biyu su gwada a tukunyar matsi, irin mai danne abu kamar ƙasan teku. In sun wuce, a zuba wa duka idanu."

"In aka ce an jera su fa?"

"Sai an gwada duk wanda ya ɗauki nauyi, don akwai raunin da ko gyalenki ba zai ji ba. Kuma sai an tambayi wa ya kawo su nan."

"In mai rauni ya sauka?"

Ta ce, "Ba waje yake fashewa ba, Mama, ciki yake rubzawa, lokaci guda. Ƙarfin bugun yana bin ruwa ya fasa na kusa da shi, shi ma ya fasa na gaba. Carbin gaba ɗaya zai iya tafiya. Aikin mutane na shekaru."

Ban ce mata ta faɗa ba. Bizarta ce, ba tawa ba, kuma na ga yadda ake haɗa akwati a kwana uku a garin nan. Abin da na ce kawai shi ne, "Ni dai ba zan rufe kwali a kan abin da na san yana ciki ba. In ruwa za a ce, a nemo wani ya ɗaure."

"Hajiya Lami," in ji Alhaji, "siton nan naki ne ko nawa?"

"Naka ne, Alhaji. Hannun ne nawa."

Bilkisu ta fita bakin ƙofa ta tsaya a rana. Ta daɗe, har na fara tattara sosonta daga ruwa ina matsewa. Sai ga ta ta dawo tana danna waya.

"Mama, gyara ɗankwalinki. Bidiyo ne."

Wani tsoho ya fito a wayar, Farfesan nata ke nan, farin gashi a hargitse, iska tana kaɗa shi, jiragen ruwa a bayansa. Ta yi masa Turanci. Ba na jin Turanci sai na lodi, amma na san muryar mai kawo uzuri, kuma ba ita na ji ba. Maganar gajera ce. Fuskarsa ta canja, ya cire tabarau.

Na ce, "Ce masa hannuna ne ya jera su. Ke ba kya nan."

Ta faɗa masa. Na kawo ɓarin gaban wayar, na ja gyale a kai har ya ga zaren ya tsaya. Sannan na nuna masa sauran da ƙyallayensu: takwas ɗin nan su suka kwana a ƙasa da nauyin biyu a kansu, takwas ɗin nan a tsakiya, waɗannan kuma ba abin da ya hau bakinsu. Sau uku yana tambaya ko na tabbata.

"Ce masa ban iya karatu ba, amma ban taɓa manta inda na ajiye kayan mutum ba."

Ya sa ta karanta masa jerin, yana rubutawa. Daga nan ya faɗa mata wasu kalmomi da ba su fi a ƙirga da yatsu ba, wayar ta ɗauke.

"Ya ce a ɗaure a turo, kowanne da ƙyallensa. Ya ce ba zan shiga jirgin bana ba." Bilkisu ta sa wayar a jaka. "Maganar kwantiragi kuma, sai ya ga abin da tukunya ta ce."

Kwana biyu muka yi muna ɗaurin. Kafintanmu Bapakistane ya ƙera wa kowane tulu akwatinsa na katako, ɗaki biyu a ciki, kowane ɓari a kan zoben soso, bakinsa ba ya taɓa komai sai iska. Tunda nake ban taɓa tura iska mai yawan ta ranar ba, Alhaji yana kallon ramukan kamar zai yi kuka. Har mai ɓallin muka tura, da jan zare a hannun akwatin. Alhaji ya yi sati ba ya amsa mini gaisuwa sai da kai. Bai kore ni ba, don ya san madubai shida na gaba ba shi zai ɗaure ba.

To ku da kuke cewa ko ku sai ku yi, ku lura da inda abin ya lalace. Ba rashin iyawa ba ne. Sabon shiga da tsoro zai hana shi jera su. Ni da na iya ce na jera, don hannuna ya saba har ya daina tambaya. Kafin ka taɓa kaya, ka san mene ne, ina za shi, me zai hau kansa in ya isa. Kofin shayi ba abin da zai hau shi sai leɓen mutum. Waɗannan teku ne zai zauna a kansu.

Bilkisu ba ta sake zuwa ba har aka yi babbar sallah, aka ci zafin bazara, aka fita. Ban kira ta ba. Na san jirgin da aka hana ta, shi ta zo ƙasar nan nema, kuma na san a kantar sitonmu ya kuɓuce mata. Sai wata ranar Asabar bayan la'asar na ɗago kai na gan ta a bakin ƙofa da jakar saƙon mahaifiyarta. Ta durƙusa ta gaishe ni yadda ya kamata, ta jawo kwali ta zauna.

"Mama, ɗaya ya rubza a tukunya."

"Wane ƙyalle?"

"Ruwan goro, mai zanen fanka."

"Na ƙasan jeri na biyu ne. A gefen da kantar ta ɗan karkace ya kwana."

"Gyalenki ya wuce shi sumul. Na'urarsu ma ba ta ga komai ba, sai da aka danne shi."

"Sauran fa?"

"Goman suna ƙasa, tare da na wasu ƙasashe. Sati shida ke nan, duk suna gani."

Na ci gaba da naɗe kwalbar turaren da ke hannuna. Sai da na rufe ta da salatif na ce, "Takardarki fa?"

"An ƙara mini shekara biyu. Ya ce da ruwa aka ce masa, da mai fankar nan ya sauka teku tare da sauran."

"Kun ga baƙon?"

"Ƙananan kullum suna giftawa. Babban tukuna. A fita ta gaba ina cikin jirgi, Mama, kuma ban taɓa hawa ruwa ba. Ki yi mini addu'a kada in yi ta amai a gaban Turawa."

Na ce, "Ki tafi da lemon tsami. Addu'ata tana wurin goman nan da ke ƙasa."